Bazarar Maraɗi

Jiya da azahar na taɓa kujerar babur ɗina a bakin babbar kasuwa, na janye hannu kamar na taɓa tukunyar tuwo. Watan Mayu ke nan, zafi ya haura digiri 40, ga kuran ya ɗauke tun safe, fanka sai kallo. Ruwan famfo kamar na shayi, randa kaɗai ke rufa mana asiri. Da dare a tsakar gida muke kwana, Inna ta yayyafa wa tabarma ruwa.

Sai ga yayana ya kira daga Gaya, wai su ruwa ya sauka har sun yi shuka, amma gumi ya hana su barci. Na ce, "Yaya, ku aiko da ruwan, ku riƙe gumin." Su can kudu damina na riga mu zuwa, mu sai Yuni muke sa rai.

Yau da la'asar hadari ya taso daga gabas, ƙura ta cika gida har cikin furata. Ruwan dai yayyafi ne kawai. Amma iskar da ta biyo baya, wallahi har Inna ta nemi mayafi.