Kafin ka yi wa kwamfutar wasanka fomatin

Ƙannena, idan kwamfutar wasa ta yi nauyi, ko ta fara sarƙewa a tsakiyar wasa, ko wata muguwar manhaja ta shige ta, abin da ke fara zuwa rai shi ne a goge komai a huta. Ɗora Windows ba wani aiki ba ne, a kan SSD, wato faifan ajiya mai sauri, bai fi rabin awa ba. Inda ake shan wuya shi ne wajen dawo da abubuwan da kamfanin da ya ƙera na'urar ya ɗora mata: manhajar da ke juya fankoki, wadda ke sa maɓallan Fn aiki, wadda ke tsayar da caji a kashi 80, da saitin launin allo. Windows ɗin da za ka sauko da shi daga Microsoft bai san da ko ɗaya a cikinsu ba. Kusan duk kurakuran da na tafka a wannan aiki, na tafka su ne tun kafin in danna maɓallin gogewa, a shirin da ban yi ba.

Fara da tambayar kanka ko lallai sai an goge daga tushe. A cikin Windows akwai "Reset this PC", kuma a na'urori da yawa yana dawo da manhajojin kamfani idan ka bar masa zaɓin hakan. Bayan shi akwai hanyar kamfanin kansa, wadda ke mayar da kwamfuta yadda ta fito daga kwali: F11 a HP, F3 a MSI, Alt da F10 a Acer, ɗan ramin Novo a yawancin Lenovo, sai Dell da ke da SupportAssist OS Recovery a jerin da F12 ke buɗewa. Mafi yawan waɗannan sun dogara ne da wani ɓoyayyen yanki a cikin faifan. Kuskurena na farko shi ne goge wannan yankin don in samu ƙarin fili na 'yan gigabayit. Da zarar ya tafi, maɓallin ya zama ado. Wasu kamfanonin na ba da damar sauko da shi ta intanet, kamar Cloud Recovery da ke cikin BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi) na sabbin ASUS, ko HP Cloud Recovery Tool mai neman filash na 32GB, amma ba kowane samfuri ne ke ciki ba. Ka duba naka tun kwamfutar na tashi.

In ka yanke cewa gogewa za a yi, to ba a fafe gora ranar tafiya. Nemo filash biyu, ko filash ɗaya da faifan waje. Na farko na Windows ne, aƙalla 8GB, kuma Media Creation Tool, manhajar Microsoft da ke zuba Windows a filash, zai share duk abin da ke kansa. Na biyu na kayan da za ka kwasa ne.

Abu na farko da za ka kwasa shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya fahimci kowane sashe na na'urar. Buɗe Command Prompt da ikon admin, ka ƙirƙiri folda a faifan waje, ka rubuta: pnputil /export-driver * E:\direbobi (ka sauya E da harafin faifanka). Cikin 'yan mintuna zai juye maka duk direbobin da aka ƙara wa Windows, har da waɗanda ba za ka taɓa sanin sunansu ba balle ka neme su. Sannan leƙa cikin C. A ASUS akan sami folda mai suna eSupport, a HP kuma SWSetup, cike da ainihin fayilolin girkawa na kamfani. Kwafe ta ɗungurungum. Ka kuma kwafe abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\drivers\color, domin nan fayilolin launin allo suke. Na taɓa raina su. Bayan fomatin allon ya koma fari fat, baƙi ya zama toka-toka, kuma sau da yawa ba a sa waɗannan fayilolin a shafin kamfani.

Direbobi biyu kuwa ka sauko da su dabam daga shafin samfurinka, ka warware su daga zip: na Wi-Fi da na Intel Rapid Storage. Dalilinsu na zuwa a ƙasa.

Sai makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Na'urori da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma makullin lamba 48 ne da ke ajiye a asusunka na Microsoft. Shiga asusun ta waya, ka tabbata yana nan, ka rubuta shi a takarda. Faifan C da za ka goge ba shi ne abin damuwa ba. Faifai na biyu, inda wasanninka da hotunanka suke, shi ne zai tashi a kulle a sabon Windows yana neman lambobin nan, kuma babu mai gyaran da zai buɗe maka shi in ba su.

Ajiyar wasanni ma tana yaudara. Steam Cloud, mai adana inda ka tsaya a wasa a intanet, ba kowane wasa yake ɗauka ba. Duba Documents (musamman My Games), da Saved Games, da AppData mai rassa uku, Local da LocalLow da Roaming, da ke ɓoye a foldar sunanka, da kuma userdata a cikin foldar Steam. Wasannin kansu ba sai ka sake sauko da su ba: in foldar steamapps tana faifai na biyu, bayan girka Steam sai ka nuna masa wurin a saitin Storage, ya gane su.

Yanzu girkawa. Jona caja, kada ka dogara da batir. In na'urar na da faifai biyu kuma kana iya cire na biyun cikin sauƙi, cire shi. Dalili kuwa, mai girka Windows idan ya tarar da tsohon yankin EFI (inda fayilolin tashin kwamfuta ke zama) a wani faifai, yana iya zuba fayilolin tashi a can, alhali Windows ɗin na kan wani. Komai zai yi ta tafiya lafiya har ranar da ka cire ko ka goge faifan nan na biyu, kwamfuta ta ƙi tashi, kai kuma ba ka san laifin me ka yi ba. Maɓallin zaɓen filash ya bambanta: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, F11 a MSI, Esc a laftof ɗin ASUS. In filash ɗin ya fito sau biyu, zaɓi mai UEFI a gaban sunansa.

Idan ka iso wurin zaɓen faifai ka ga fili fetal, SSD ɗinka bai mutu ba. A laftof masu Intel daga zubi na 11 zuwa sama, akwai wani tsari mai suna VMD da ke tsaye tsakanin Windows da faifan, kuma sau da yawa mai girkawa ba shi da direbansa. Danna "Load driver", ka nuna masa foldar Rapid Storage ɗin da ka tanada, faifan zai bayyana. Ana iya kashe VMD a BIOS a maimakon haka, amma ka tsaya a kan abu ɗaya. In ka girka a kashe sannan ka kunna daga baya, shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne zai tarbe ka.

Makullin lasisi kada ya dame ka. Tun zamanin Windows 8 a 2012 kamfanoni ke dasa shi a cikin BIOS, kuma yakan kunna kansa da zarar an hau intanet. Abin kiyayewa kawai: in lasisinka na Home ne, kada ka zaɓi Pro don ya fi suna, ba zai kunnu ba. Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka in na'urarka na da TPM 2.0 (ɗan sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata) kuma ta cika sauran sharuɗɗansa, ɗora 11. Kada ka kashe Secure Boot, saitin tsaro da ke cikin BIOS, ka manta, domin wasanni irin su Valorant ba sa buɗewa a Windows 11 sai da shi da TPM.

Windows 11 zai tsaya ya ce sai an haɗa intanet, kuma a nan ne ake gano ba direban Wi-Fi. Jona kebul ɗin intanet in akwai, ko ka haɗa wayarka ta Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB. In duk babu, Shift da F10 zai buɗe baƙin allo, ka ɗora direban daga filash da pnputil.

Da ka shiga, dakatar da Windows Update na ɗan lokaci, don kada ya riƙa cusa nasa direbobin kana tsakiyar ɗora naka. Jeri yana da muhimmanci: direban chipset (na babban allon cikin na'ura) tukuna, ka sake kunnawa, sai katin hoto na cikin furosesa, sannan babban katin NVIDIA ko AMD. A laftof hoton babban katin yakan bi ta ƙaramin ne kafin ya kai allo, shi ya sa juya jerin kan jawo baƙin allo ko hasken da ya ƙi raguwa. Direban sauti ka ɗauko na shafin samfurinka, domin Dolby Atmos da Nahimic da DTS suna tafiya ne da direban kamfani. In ka sa gama-gari, sauti zai fito, amma siriri, manhajar kuma ta ce ba ta san na'urarka ba.

Manhajar kamfani ita ce ta ƙarshe: Armoury Crate, Lenovo Vantage, MSI Center, OMEN Gaming Hub, NitroSense ko PredatorSense, Alienware Command Center. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, abin da kake gani a allo fuska ce kawai. A ƙarƙashinta akwai direban da ke magana da na'urar, kamar ASUS System Control Interface, ko HP System Event Utility mai kula da maɓallan Fn. Ka ɗora fuskar ba shi, za ta buɗe, amma ba saitin fanka, ba yanayin gudu, ba iyakar caji. Ka ɗauko daga shafin ainihin samfurinka, da lambar da ke rubuce a ƙasan na'urar harafi da harafi, domin samfura biyu masu suna ɗaya kan bambanta a ciki. Shafukan da ke alkawarin nemo maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ka yi nesa da su. Kuma ba duk abin da kamfani ya ɗora ne ya cancanci dawowa ba. Manhajar riga-kafin virus ta gwaji da manhajojin talla, bar su inda suka tafi.

Sannan buɗe Device Manager. Duk abin da ke da alamar rawaya, danna shi da dama, ka zaɓi "Update driver", ka nuna masa foldar direbobin da ka kwasa tun farko. In ya ƙi, duba Hardware Ids a ƙarƙashin Details: VEN_8086 Intel ne, 10DE NVIDIA, 10EC Realtek, 1022 da 1002 kuma AMD. Daga nan ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Wani ɗan haki da ya taɓa tsone mini ido: sabon Windows kan bar allo a 60Hz, ko da naka mai 144 ko 165 ne. Shiga Advanced display ka gyara, in ba haka ba za ka yi ta zargin katin hoto. Ka kunna wasa mai nauyi na minti ashirin da caja a jone, kunnenka na kan fankoki. In na'urar ta yi zafi su kuma shiru, akwai abin da bai hau ba.

Idan komai ya zauna, kafin ka loda wasanni, ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, da Clonezilla ko Macrium Reflect zuwa faifan waje. A wannan matakin bai yi girma ba tukuna. Rubuta kwanan wata da lambar BIOS ɗinka a sunan fayil ɗin, ka ajiye shi kusa da foldar direbobin.