Inda na kai da neman Littafi Mai Tsarki mai filin rubutu a gefe

'Yan uwa masu koyon rubuta bayani a gefen Littafi irina, sannunku da ƙoƙari. Wata uku kenan da na fara wannan abu a nan Garwa, yau dai nace bari in faɗa muku inda na kai, don naga wasunku na shirin kashe kuɗi akan abin da ni na riga na gwada.

Abin da ya sa ni nake bukatar fili sosai, a majami'armu fasto da Faransanci yake wa'azi, mai fassara ya juya da Fulatanci, ni kuma Littafin da ke kan cinyata na Hausa ne. Toh kalma ɗaya sai ta zo mini ta baki uku, in ban rubuta su kusa da ayar ba kafin in isa gida sun watse. Da a kaye nake rubutawa, wato littafin rubutu na 'yan makaranta, amma kayen yana gida ranar da Littafin ke majami'a, ko kuma yara sun yage takarda sun yi jirgi da ita.

Na fara da wanda nake da shi, fassarar 1979 ta Bible Society of Nigeria, wanda kawuna ya kawo mini daga Yola. Gefensa bai kai faɗin ɗan yatsana ba, rubutun an raba shi gida biyu a kowane shafi kuma an cika shi taf. Na zaga shagunan littattafan addini na nan gari, na sa wata 'yar uwa ta duba mini a Ngaundare, na Hausa mai faɗin gefe ban samu ba. Na Faransanci kam na gani, Louis Segond mai fili a gefe da layuka kamar kayen lakwal, yana da kyau ƙwarai, na riƙe shi a hannu na daɗe ina juya shi. Amma da na buɗe Zabura 23 na karanta sai naji ba da wannan bakin nake addu'a ba, na mayar wa mai shago abinsa.

Kafin ku rubuta komai a ko wanne, ku gwada alƙalaminku a shafin ƙarshe wurin taswira ko wani farin shafi na baya. Takardar Littafi siririya ce sosai, ba ta kai rabin kaurin takardar fotokofi mai giram 80 ba. Kuskurena na farko kenan, ni ban gwada ba, na ɗauki biro mai ruwa-ruwa ja na ja layi a Markus 4, da na juya shafi tawadar ta huda ta zauna akan ayoyin baya kamar jini, har yau in na buɗe wurin raina ba ya daɗi. Bic na talakawa ya fi shi sauƙi amma in ka danna yana barin kwarmi, kuma da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu bakinsa yana tara tawada ya ɗiga. Abin da ya zauna mini shi ne fensir HB mai ɗan siririn baki. 2B yafi baƙi amma yana gogewa ya shafa a shafin da ke fuskantarsa.

Wanda ya buɗe mini ido maƙwabcinmu ne, wani dattijo malami da muke gaisawa kullum. Na same shi a zaure da littafinsa na fiƙihu, rubutun yana tsakiya, gefe kuwa fili ne fetal, an cika shi da ƙananan bayanai da ajami wasu a karkace wasu a kife, wasu ma hannun mahaifinsa ne. Nace baba ina ake samun irin wannan fili, yayi dariya yace ɗana in littafi bai bar maka wuri ba ai kai ka ƙara masa takarda. Ya nuna mini yadda yake cusa 'yan takardu tsakanin ganyayen, ya mayar cikin gafaka. Daga baya na karanta cewa wani mai wa'azi a Amurka, Jonathan Edwards, haka yayi tun wajen 1730, ya samu ƙaramin Littafi da aka warware aka ɗinka farar takarda tsakanin shafukan, ya yi shekaru yana cika ta.

Sai na sayi Sabon Alkawari na Hausa shi kaɗai, mai arha, don in gwada. Gaskiya ranar da zan warware bayansa hannuna rawa yake, inna ma da ta ganni da reza tace kai wane irin abu ne wannan, Maganar Allah zaka yanka? Na zaunar da ita na nuna mata ba harafi ɗaya da zai ɓata, ɗaki nake ƙara masa, tace toh amma kar in ga ganye ɗaya a ƙasa. Akan sabuwar tabarma nayi aikin, ina jera ganyayen cikin faifai.

Kuskure na biyu: na kai wa wani mai haɗa takardun 'yan makaranta, ya zuba gam mai kauri a bayan ya matse. Sati biyu, da iskar hunturu ta busar da shi, na buɗe sosai sai naji ƙas, Luka ya rabu biyu. Gam kaɗai ba ya riƙe littafin da ake buɗewa kullum, sai ɗinki. Kuma na gane ba a haɗa littattafai 27 wuri guda in an sa farar takarda, kaurin ya wuce hankali tunda kowace farar takarda ta fi ganyen da ke kusa da ita nauyi. Yanzu Markus kaɗai na ware, sura 16 ne, shi yafi gajarta a cikin bishara huɗu, na huda gefe da basilla wuri biyar na ɗinke da zaren kaba mai ƙarfi, wani baduku a kasuwa yayi mini bango da fatar akuya irin ta Marwa. Yana buɗewa ya kwanta a tebur ba sai na danne shi da kofi ba.

Na kai sura 5 yanzu. Jiya a aya 41 wurin Talita kumi na rubuta cewa Aramaik ne, yaren da Yesu yake magana da shi, kuma kumi ɗin yana kama da ƙum na Larabci da muke ji a bakin Shuwa, wato tashi. A ƙasa na sa yadda mai fassara ya faɗe shi da Fulatanci, da kwanan wata. A shafin farko kuma na rubuta wa kaina cewa tsohuwar fassarar 1932 Yohanna take cewa, ta 1979 kuma Yahaya, don tsofaffinmu har yanzu Yohanna suke kira kuma yara suna ruɗewa.

Abin da ya rage mini yanzu zufar hannu ce, tana sa takardar ta kumbura a wurin da na dafa, na fara sa ɗan kwali a ƙarƙashin hannuna ina gani ko zai yi. Wanda ya taɓa ɗinkin da ya fi wuri biyar ko yasan zaren da ba ya yanka siririyar takarda don Allah ya faɗa mini kafin in taɓa Romawa.