Mage aka rubuta, ya ce kyanwa

Takardar da ɗana ya kawo daga makaranta layi uku ce kacal. An gwada karatun 'yan ajinsu, nasa bai kai matakin aji biyu ba, ana so in zo mu tattauna. A tsaye na karanta ta, raina a ɓace, domin ni a sanina yaron nan yana karatu. Shekararsa bakwai, kuma kusan kullum da dare sai ya ɗauko littattafansa ya karanta mini daga bango zuwa bango, ko gargada babu.

Da na je, malamar ba ta ja magana ba. Ta zaunar da shi, ta buɗe wani littafi da bai taɓa gani ba. Ya kalli hoton da ke shafin, ya ce, "Kyanwa tana barci." Abin da aka rubuta kuwa shi ne "Mage tana barci." Ta juya shafi, ta ɗora tafin hannunta a kan hoton. Yaron ya yi tsit. Ya dubi rubutun, ya dube ni, ya soma murza gefen rigarsa.

"Mama, ɗanki ƙwaƙwalwa gare shi," in ji ta bayan ya fita. "Littattafan gida haddace su ya yi, sauran kuma canka yake yi daga hoto. Kaifin basirarsa ne ya ɓoye mana matsalar."

Daga baya na ci karo da bayanin wasu masana biyu, Gough da Tunmer, na shekarar 1986, ya kuma zauna mini daram. Sun ce fahimtar abin da aka karanta daga abu biyu take fitowa: iya mayar da haruffa sauti, da fahimtar magana in an ji ta. Kuma lissafin na sau ne, in ɗaya sifili ne, amsar ma sifili ce. Ɗana in ka ba shi labari da baki, zai maimaita maka har da abin da ka manta ka faɗa. Ɗaya ɓangaren ne babu.

Mun fara da kai shi a duba idonsa da kunnensa, duka lafiya lau. Sannan aka haɗa shi da malamar da ke taimakon masu rauni a karatu, su uku a rukuni, rabin awa, kwana huɗu a mako.

Makon farko ko littafi ba su buɗe ba. Tafi suke yi suna raba kalma gaɓa-gaɓa: ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Ta ce, "Ka ce gida. To, cire gi, me ya rage?" Wanne sauti ne a farkon "rana"? Me ya haɗa "kaza" da "kifi"? Gaskiya hankalina ya tashi. 'Yan ajinsu suna karanta sakin layi guda, nawa yana tafi. Na faɗa mata haka, ta amsa mini cikin natsuwa cewa yaron da kunnensa bai rarrabe sautukan da ke cikin kalma ba, harafi a wurinsa zane ne kawai. Ashe ma ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. Rahoton kwamitin nazarin karatu na Amurka na shekarar 2000 ya lissafa ginshiƙai biyar, kuma jin sautukan cikin kalma da haɗa sauti da harafi suna cikinsu, tare da saurin karatu, da yawan kalmomi, da fahimta. Ƙungiyar Pratham ta Indiya kuwa shekara da shekaru tana raba yara bisa abin da suka iya, ba tare da duba ajin da suke ba, ta fara da kowa daga inda ya tsaya.

Da aka zo haruffa, kaɗan-kaɗan aka shigo da su, sai ya riƙe waɗannan kafin a ƙaro. Abin da ya fi burge ni shi ne kalmomin ƙarya, irin su "nifo" da "lugi". Ba su da ma'ana, don haka babu hadda, babu canka, dole ya bi harafi ɗaya bayan ɗaya. A Ingila tun 2012 ake yi wa yara 'yan kimanin shekara shida gwaji mai kalmomi 40, rabinsu irin waɗannan ne.

A gida minti goma sha biyar muke yi, ba ƙari, ko da ya nuna yana so. Doka ɗaya aka ba ni, ita ce kuma ta fi yi mini wuya: in ya maƙale, kada in faɗa masa kalmar. Sai in ƙirga biyar a zuciyata, in sa yatsa a ƙarƙashin harafin farko. Kalmar tana bakina, ina ganin goshinsa ya tattare, amma in haɗiye ta. Bayan nan ni nake karanta masa labarai waɗanda suka fi ƙarfinsa, ya kwanta yana saurare. Wani masani, Keith Stanovich, ya yi bayani a 1986 cewa mai iya karatu yana ƙara karantawa, kalmominsa su ƙaru, marar iyawa kuma ya guje wa littafi, tazarar ta yi ta faɗi. Ba na so kalmominsa su tsaya jiran idonsa.

Wani dare, ina gyara masa bargo, ya ce, "Mama, wai ni daƙiƙi ne?" An tashe shi ya karanta a gaban aji, ya kasa, yara suka yi dariya, ɗaya ya jefe shi da wannan kalma. Na zauna a bakin gadon na daɗe. Na tuna masa yadda ya koyi keke, sau nawa ya faɗi, gwiwarsa har yau da tabo. Washegari na roƙi malamar ajin da ta daina tashinsa ba shiri. Yanzu takan ba shi layi biyu tun ana gobe, mu maimaita su sau uku ko huɗu a gida, ya tashi ya karanta su da ƙarfin gwiwa. Ina ganin tsayar da yaro mai rauni a gaban 'yan'uwansa ya yi ta in'ina ba ya koya masa komai sai tsoron littafi.

Wata huɗu ke nan. Har yanzu bai kamo 'yan ajinsu ba, kuma b da d suna rikita shi in ya gaji, balle an ƙara masa ɓ da ɗ. Amma jiya da ya zo kan wata kalma da bai sani ba, idonsa bai tafi kan hoton ba. Ya sa yatsa, ya ce "ta", ya ce "ga", ya ɗan yi shiru, sannan ya ce "taga". Wannan makon haruffa masu tafiya bibbiyu za su shiga, sh da ts, na riga na yanka katunansu.