Jihar da ta riga tarayya samun tsarin mulki

A Najeriya kundin tsarin mulki ɗaya ne, na 1999, ya yanka wa kowace jiha rabonta, ko da yake a Jamhuriya ta Farko Jihar Arewa ta taɓa riƙe nata na kanta. A Amurka kuwa kowace ɗaya cikin jihohi 50 tana da nata, kuma na Massachusetts ne ya fi daɗewa yana aiki. Ya fara aiki ranar 25 ga Oktoba 1780, alhali na tarayya sai a 1787 aka rubuta shi.

Yunƙurin farko bai yi nasara ba. A 1778 majalisar dokokin Massachusetts ta rubuta daftari ta aika wa garuruwa, suka yi fatali da shi. Babu jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a ciki, sannan mutane suka ce ba a ba kura ajiyar nama: majalisar da za a taka wa burki ba ita za ta ƙera burkin ba. Sai aka zaɓi wakilai na musamman, suka zauna a garin Cambridge na jihar a watan Satumba 1779, John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya rubuta mafi yawan daftarin. Ya sa haƙƙoƙi a gaba, sashe 30, tsarin gwamnati a baya. Sashe na farko ya ce an haifi kowa da 'yancinsa, kuma daidai da kowa. Wata baiwa, Elizabeth Freeman, ta riƙe wannan jimlar ta je kotu a 1781 ta karɓi 'yancinta. Da aka yi ƙidayar 1790 ba a rubuta bawa ko ɗaya a jihar ba, tarayya kuwa ba ta haramta bauta ba sai 1865.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne kundin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Na tarayya lissafa iko yake yi: buga kuɗi, shelar yaƙi, gidan waya, ciniki tsakanin jihohi da ƙasashen waje. Abin da bai lissafa ba, gyara na 10 na 1791 ya bar wa jihohi ko jama'a. Saboda haka jiha ba ta neman izini kafin ta yi doka kan makarantu, 'yan sanda, aure, gado ko filaye. Kundinta iyaka yake sa mata. Haraji da kotuna kowa yana da nasa, in kuma dokokin biyu suka yi karo a fagen da tarayya ke da hurumi, ta tarayya ce a sama.

Massachusetts ta ɗanɗana hakan. A 1996 ta yi dokar da ta taƙaita wa hukumominta sayayya daga kamfanonin da ke hulɗa da gwamnatin sojan Burma (Myanmar). A 2000 Kotun Ƙolin tarayya ta soke ta, don majalisar tarayya ta riga ta kafa nata takunkumin ta ba shugaban ƙasa wuƙa da nama a kansa. Inda tarayya ba ta da hurumi kuma, da kuɗi take jan akala. Shekarun shan giya lamarin jiha ne, amma dokar 1984 ta ce duk jihar da ba ta kai shi 21 ba za a zaftare mata kuɗin hanyoyi. A hankali duk suka bi.

Gyara kundin Massachusetts da wuya, kuma da gangan aka yi hakan. In jama'a ne suka ɗauko maganar, sai sun tara sa hannu da ya kai kashi 3 cikin 100 na ƙuri'un zaɓen gwamna na baya, kada fiye da rubu'i ya fito daga gunduma ɗaya. Daga nan majalisun dokokin jihar biyu su zauna tare, mutum 200, a samu 50 su amince. A jira a yi sabon zaɓe, sabuwar majalisa ta sake ba da 50, sannan a kai akwatin ƙuri'a. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne sharaɗin cewa abubuwan da ke cikin buƙata ɗaya su zama masu alaƙa. A 2018 kotun ƙolin jihar ta cire shawarar ƙarin harajin kashi 4 kan kuɗin shigar da ya haura dala miliyan ɗaya, saboda an haɗa haraji da ilimi da sufuri a tambaya guda. Masu neman suka sauya hanya, suka bi ta hannun 'yan majalisa, inda wannan sharaɗi ba ya aiki amma ake buƙatar rinjaye sau biyu. A 2022 masu zaɓe suka amince.

Mazaunin Boston, babban birnin Massachusetts, dai gwamnati biyu ce a kansa, kowace da alƙalanta. Jihar ba ta da hukuncin kisa tun 1984, amma Dzhokhar Tsarnaev, wanda ya dasa bam a gasar gudun Boston a 2013, a kotun tarayya aka gurfanar da shi a cikin birnin, aka yanke masa kisa a 2015.