Abin da aikin rediyo ya koya mini game da 'yancin magana

Duk wanda ya taɓa riƙe shirin kiran waya a gidan rediyo a nan Maraɗi ya san yadda yatsan mai kula da na'ura ke zama a kan maɓalli. Mai kira zai fara da sallama, ya gangaro kan tsadar hatsi, sai ka ji murya ta ɗaga, yana shirin kama sunan wani babba. Idan aka katse shi ya sake bugowa: "Malam, ni fa ban zagi kowa ba." Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce. Wannan ne ya tura ni karatun kundin tsarin mulkin ƙasashe, don in san inda iyakar take da wanda ya shata ta.

Wajen alkawari babu mai rowa. Kundinmu na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ba kowa 'yancin tunani, ra'ayi, magana da addini a aya ta 30. Amma ayar ba ta ƙare ba sai da ta ce a yi amfani da su cikin kiyaye doka da oda, zaman lafiyar al'umma da haɗin kan ƙasa. Gadon Faransa ne: sanarwarsu ta haƙƙoƙin ɗan Adam ta 1789 ta kira faɗin ra'ayi ɗaya daga cikin haƙƙoƙi mafi daraja, sannan ta bar wa doka ta faɗi abin da ya zama wuce gona da iri. Maƙwabtanmu na Najeriya sun raba abin gida biyu a kundin 1999, sashe na 39 ya bayar, na 45 ya rage. Sai dai sun gindaya cewa dole ragin ya zama mai hujja a tsarin dimokuraɗiyya, kuma wannan ya ba lauya abin kamawa a gaban alƙali. Shi kuwa "haɗin kan ƙasa" babbar riga ce, duk abin da mai mulki ya ga dama yana iya ɓoyewa a cikinta.

Amurka ta bi ta wata hanya. Gyaran farko da aka yi wa kundinsu a 1791 majalisa ya ɗaure wa hannu, ya hana ta yin dokar da za ta tauye magana ko jarida. A 1964 kotun ƙolinsu ta ce jami'in gwamnati ba zai ci shari'ar ɓata suna ba sai ya nuna cewa an san ƙarya ce, ko an yi ko-in-kula da gaskiyar, aka buga. Wannan ya burge ni, amma ba zan so a kwaso mana tsarin dungurungum ba. Mu da muka san yadda saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke zaga fadojin gari kafin la'asar, na Afirka ta Kudu ya fi kwanta mini. Sashe na 16 na kundinsu na 1996 ya kama sunan abin da bai kare ba: farfagandar yaƙi, tunzura mutane su tada tarzoma nan take, da yaɗa ƙiyayyar launin fata, ƙabila, jinsi ko addini da ke ingiza cutarwa. Sukar minista ba ta ciki.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne ƙananan dokoki ne ke kai mutum gidan kaso. A nan Nijar, a 2010 an cire ɗauri daga laifin ɓata suna a jarida. A 2019 dokar laifukan intanet ta dawo da shi ta bayan gida, a 2022 aka mayar da shi tara, a 2024 ɗaurin ya sake dawowa. Sauyin 2019 da na 2022 duk an yi su aya ta 30 tana nan daram, ba a taɓa mata ko harafi ba.

Sai batun inda za ka kai kuka. Da Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ke Abuja ce ta ce matakin ya saɓa wa 'yancin magana. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ɗan jaridar Maraɗi da aka kama a kan rubutun Facebook, alƙalan gida ne abin dogaronsa na farko.