Kwana Biyu a Tsaunin Obudu Ina Neman Tsuntsu Ɗaya

Na tashi daga Makurdi da sassafe, na bi ta Gboko da Vandeikya, na isa garin Obudu a Jihar Kuros Riba bayan azahar. Daga gindin tsaunin hanya ce ta kilomita 11 mai yawan lanƙwasa, wadda ke hawa da mutum har sama da mita 1,500, inda aka kafa gonar shanu a shekarar 1951. Sanyin wurin ya sa na tuna Jos a tsakiyar hunturu, sai dai nan hazo ne mai laima, ba ƙura ba.

Abin da ya kai ni shi ne wani ɗan tsuntsu da masana ke kira Kakamega poliothorax, wanda ya samo sunansa daga dajin Kakamega na ƙasar Kenya. Bai fi buwa girma ba sosai. Bayansa ja-ja ne kamar ƙasa, ƙirjinsa ruwan toka, maƙogwaronsa fari. A Najeriya sai an zo irin wannan tsauni ake sa ran ganinsa, domin mazauninsa duhuwar ƙarƙashin itatuwa ce a kurmin kan dutse, musamman kusa da rafi.

Washegari bayan asuba wani ɗan ƙabilar Becheve ya shiga da ni kurmin da ke cikin kwazazzabo. Ba mu daɗe ba muka ji kukan tsuntsun, wani fito mai ƙarfi da daɗin ji, har mutum ya ɗauka babban tsuntsu ne. Muka tsuguna a kan jiƙaƙƙen ganye fiye da awa ɗaya, ƙafafuna suka yi tsami, shi kuwa yana ta kiranmu daga wurin da bai wuce taku goma ba, amma ko gashinsa ban gani ba. A sama wani garken tsuntsaye masu farar fuska ya wuce yana tonon gansakukar rassa. Su ne Kupeornis gilberti, waɗanda masanin tsuntsaye William Serle ya fara bayyanawa a kimiyyance a 1949, ya raɗa musu sunan Gilbert Nkwocha, wanda ke tattara masa tsuntsaye. Su kam ba a samunsu sai nan da tsaunukan yammacin Kamaru, kuma ba su da kunyar wancan.

Abin da ya dame ni shi ne ƙanƙantar kurmin. Tafiya kaɗan sai ka fito fili, inda wutar da ake cinna wa ciyawa da rani ke cin bakin dajin, gonaki kuma na matsowa.

A rana ta biyu, ina shirin haƙura, abokin tafiyata ya taɓa kafaɗata ya ce, "Oga, duba ƙasa." Tsuntsun ya fito kan wani ruɓaɓɓen gungume, ya juya ƙirjinsa sau ɗaya, ya koma duhu tun kafin in ɗaga kyamara.