Kare a gidan abinci: ciki a'a, waje da sharaɗi

A unguwannin Lekki da Ikoyi na Legas ba abin mamaki ba ne ka ga mutum ya sauko daga mota da ɗan karensa a hammata zai shiga cin abinci. Da yawa daga cikin masu gadin ƙofa da masu gasa suya a irin waɗannan wurare kuwa mutanenmu ne, su ake bari da rigimar. A ganina, ɗakin da ke rufe da na'urar sanyaya wuri ba wurin kare ba ne. Farfajiyar waje ana iya yarda, in mai gidan zai ɗauki ɗawainiyar.

Matsalar ciki ta iska ce da ƙasa. Kare yana kaɗe jiki, gashi ya tashi, na'ura ta yi ta juya shi a ɗakin da tagoginsa ke rufe. Kashinsa na iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella mai sa gudawa da ƙwan tsutsar ciki, ga kaska da ƙuma. Hanyar da suke bi su kai faranti gajeriya ce: mai kai abinci ya shafa kan kare, ya juya ya ɗauki cokali. Ko a Amurka, ƙa'idar abinci ta 2022 ta hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) wurin zama na waje kawai ta buɗe wa karnukan gida, shi ma sai hukumar yankin ta amince. Karen da aka horar yana taimaka wa mai naƙasa, kamar mai yi wa makaho jagora, yana da hukunci daban, don shi aiki yake yi.

Ta fuskar addini, mutane kan cakuɗa abu biyu. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7. Shafi'awa kuwa najasa mai nauyi suke ɗaukarsa, wanki 7 ɗaya da ƙasa. Ko ma wanne ne, ɗan kasuwar da ya taso daga Agege ko Mile 12 ya ga kare yana lasar faranti, ya bar gidan ke nan har abada.

Wanda ya ce sai ya buɗe farfajiya, ya fara da ƙofa: ta karnuka daban, kada hanyarsu ta ratsa ta gaban kicin ko wurin gashi. Ƙasa ta zama siminti ko tayil. Ciyawar roba tana da kyau a hoto, amma fitsari take sha, da damina ta kama wari ba ya fita. Igiya kada ta wuce mita 1.5, a riƙe ta a hannu, don ɗaure ta a ƙafar teburin roba shi ne ke kifar da miya a cinyar mutane. Tsakanin tebur da tebur a bar kamar mita 2. Kwanon ruwan kare a ba shi launi daban, a wanke shi a famfon waje. In ya yi ɓarna, a kwashe, a wanke da sabulu a ɗauraye, sannan a zuba bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Kada a zuba bilic kai tsaye kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe mutum.

A nemi katin rigakafin ciwon haukan kare a bakin ƙofa. Ana fara allurar ne yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta. Ba kati, ba shiga. In aka yi rashin sa'a ya ciji wani, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da mai karen ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Wurin mai suya kuwa babu ma zancen. Nama a buɗe yake, tsayin tebur daidai hancin babban kare, kuma in ka ga kare yana sunsunar takalmi ɗauka zai yi. Shi ma karen cutuwa yake: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, ƙashin kaza gasasshe kuma yana tsagewa ya soke shi a hanji.